Wasiƙa ga Auta a kan Tuwon Kaka da Ranar Godiya

Samaru, Zariya
Farkon Nuwamba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigidanki da yaran, kamar yadda muke nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Babanku yana gaishe ku, ya ce a shafa masa kan takwaransa. Nan kaka ta yi sosai. Iska ta juya, da asuba sai da bargo, leɓe har ya soma tsagewa. An gama da masara da gyaɗa, wake yana shanye a tsakar gida, dawar gonarmu ta hanyar Giwa kuwa ta sunkuyar da kai, ranar Asabar za a sa mata wuƙa in Allah ya kai mu.

Saƙon muryar da kika turo sau uku na saurare shi. Na ƙi ba ki amsa ta waya ne saboda magana ce mai tsawo, kuma ina so ki sami abin da za ki ajiye ki sake dubawa baɗi. Yayarki za ta ɗauki hoton takardun ta tura miki, ainihin wasiƙar kuma za ta zo cikin kayan da zan aiko.

Kin ce yaron ya dawo daga makaranta da talotalon takarda da ya zana da tafin hannunsa, ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Mama, mu me muke ci ranar Thanksgiving?" Wato Ranar Godiyar nan ta mutanen Amurka da kuke zaune cikinsu. Kin ce kin rasa amsa, domin shekarun nan duka rufe ƙofa kuke yi ku ci abin da ya samu, gari ya yi tsit, kowane gida cike da motocin dangi, naku shiru. Kina tsoron in kin yi, kin saki naki kin kama na wasu. Kina kuma tsoron in ba ki yi ba, yaran su tashi suna ganin gidan kowa yana da abin tunawa ban da nasu.

Ki ɗora tukunya, Auta. Shawarata ke nan.

Na san akwai maganar addini, kuma ba zan tsallake ta ba. Idinmu biyu ne, ƙarama da babba, babu na uku. Wannan rana ba za ki kira ta Sallah ba, ba sabon ɗinki, ba wata ibada da aka keɓe mata. Malamai sun saɓa a kanta, wasu suna ganin a nisanta, wasu suna ganin al'adar ƙasa ce da gwamnati ta ba hutu, mai kowane addini yana taruwa da iyalinsa. Maigidanki ya zauna da limamin masallacinku ya ji, abin da kuka tsayar tare shi ne magana, kada ki yi gaban kanki. Ni abin da idona ya gani zan ba ki.

Mun sauka Manhatan ta jihar Kansas a watan Agusta na 1979. Lokacin akwai tsohuwar alaƙa tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello da jami'ar jihar a fannin noma da likitancin dabbobi, ta nan babanku ya sami ƙaro karatu. Shekarata 21, da babbar yayarku a goye, Turancina bai wuce na gaisuwa da ƙirgen canji ba. Babbar Sallah ta same mu a ƙarshen Oktoba. Muka yi Idi a wani ɗaki da ɗalibai, babanku ya wuce aji, na dawo gida ni kaɗai. Babu rago, babu ƙaurin suya, babu yaron da zai yi sallama da kwano. Na dafa shinkafa na kasa ci. Bayan 'yan kwanaki, ranar 4 ga Nuwamba, ɗalibai a Tehran suka kame ofishin jakadancin Amurka suka tsare ma'aikatansa. Kullum dare labarin ne a talabijin. Mace mai mayafi ta zama abin kallo a kanti, har na daina fita sai tare da babanku.

A cikin wannan hali wani tsohon manomi, wanda babanku yake gwajin iri a gonarsa, ya ce mu zo mu ci abincin Ranar Godiya a gidansa. Na ce ba za ni ba. Babanku ya ce mutumin ya riga ya kira shi ranar Talata ya je ya yanka talotalon da hannunsa, matar kuma ta bugo waya da takarda da biro tana tambayar abin da ba mu ci. Wanda ya yi maka wannan, ba a ce masa a'a.

Ranar Alhamis 22 ga wata muka kama hanya. Muna fita gari na ga gonaki shimfiɗe iya ganin ido, an girbe yawancinsu da inji, sauran guntun kara. A wani gefe da injin bai kai ba sai na hango jajayen kawuna. Na ce wa babanku ya tsaya. Na fita cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi, na tsinka ɗaya, na murza a tafin hannu na hura. Dawa ce, Auta. Gajera ce, ba ta wuce ƙugu ba, amma dawa ce, har ƙamshin. Babanku ya ce ai babu jihar da ta kai Kansas noma ta a ƙasar, sai dai shanu suke ba wa. Na shiga mota da zangarniyar a hannu, ban sake ta ba har muka isa.

Gidan cike yake, mutum sama da ashirin, 'ya'ya da jikoki, wasu sun kwana suna tuƙi. Tsohuwar ta shimfiɗa wani farin ƙyalle na kakarta a tebur, wanda sau ɗaya yake fitowa a shekara. Naman alade da suka saba ajiyewa gefen talotalo, ranar ba ta kawo shi ba ko kaɗan, kuma ba ta faɗa ba, surukarta ce ta raɗa mini. Aka jera komai, yara suna haɗiyar yawu, sai na ga ba wanda ya zauna. Ta ɗauko faranti uku ta cika su, ta yanko daga ƙirjin talotalon inda ya fi kyau, ta rufe, ta miƙa wa jikanta mai mota. Akwai tsofaffi uku a gonakin maƙwabta da ba su iya fitowa. Muka tsaya muna jira har yaron ya dawo, abinci yana hucewa, ba wanda ya yi ƙorafi.

A nan hawaye ya zo mini, domin na san wannan jiran. Na yi shi tun ina 'yar shekara biyar.

Da aka zauna suka yi addu'arsu, mu muka yi bisimilla. Sai aka bi da'ira, kowa ya faɗi abin da yake gode wa Allah a kansa a shekarar. Da aka zo kaina na ɗaga zangarniyar nan na haɗa kalmomin da nake da su, na ce na gode wa Allah da na ga dawa. Babanku ya yi musu bayani cewa ita ce abincinmu, da ita aka raine ni. Tsohon bai ce komai ba. Da za mu tafi muka tarar da buhu a bayan motarmu. Da injin niƙa kofi na riƙa niƙa ta kaɗan-kaɗan ina tankaɗewa, ita muka ci har sanyi ya wuce.

Yanzu bari in kai ki gidan da na koyi jiran, tunda ba ki riski Baffa ba, Allah ya jiƙansa.

Ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi, gidanmu gidan gandu ne, Baffa da ƙannensa biyu da matansu da 'ya'ya. Tumu ba a hana yaro, in gero ya nuna muna gasawa a bakin gona mu murje mu ci har baki ya yi baƙi. Amma sabuwar dawa ba ta shiga turmi sai an yi ƙirge. Ranar da jakuna suka gama kwaso damuna, Baffa zai shimfiɗa buzunsa a gindin rumbu, samari suna miƙowa yana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji. Tara su shiga rumbu, na goma a jingine shi gefe. Zakkar abin da ruwan sama ya shayar ke nan, ɗaya cikin goma. In na goman ya zo ƙarami ko tsuntsu ya taɓa shi, sai ya sa a mayar a ɗauko mai nauyi. Yana yi yana maimaita ayar nan ta Suratul An'am, ta 141, wadda ta ce a ba da haƙƙinsa ranar girbinsa. In an gama da zakka sai a ware na liman, na wanzami, na maƙerin da ya gyara mana fartanya da garma tun bazara, na ungozoma. Sannan ne Inna take aika mu mu ɗebo na sussuka.

Tuwon daren Juma'ar da ta biyo baya shi muke kira tuwon kaka. Ba kowane gida ke yi ba, kuma ba shi da alaƙa da kalankuwar samari da 'yan mata ko dambe da kokawar da ake yi a dandali a wannan lokaci. Namu ne na cikin gida. Ko ba ranar girkinta ba ce, Inna ce mai tuƙi, tunda ita ce uwargida. Miya kullum taushe ce, da kabewar da ta hau dangar bayan gida, da sabuwar gyaɗa, da yakuwa, da zakaran da aka ware tun damina ba mai taɓa shi. Tun la'asar gidan yake ɗaukar ƙamshi. Sabuwar dawa tana da wani zaƙi-zaƙi da danƙo da ba ta kai wa bazara da shi.

Malmalar farko ba tamu ba ce. Inna za ta jera akusa, ta kwashe da mara ta zuba, ta malala man shanu, ta rufe da faifai. Ɗaya na wata tsohuwa makauniya da ba ta da kowa. Ɗaya na malamin tsangaya da almajiransa. Ɗaya na Fulanin da suke sauka a gonarmu bayan girbi, shanunsu su ci kara su bar mana taki. Ɗaya na duk baƙon da dare ya yi wa a zaure ko a masallaci. Mu yara mu ne 'yan aike, a cikin duhu, da yunwa, tuwo yana ƙona mana ka ta cikin gammo. Kuma ba mai sa hannu a nasa, har Baffa, sai akushin ƙarshe ya dawo. Ba ya dawowa wayam. Fulani su zubo nono, malam ya aiko da addu'a, makauniyar nan kuwa ƙwan zabi biyu take sakawa, tana tara su tun kafin ranar.

In an ci an wanke hannu, Baffa zai sa a taru a tsakar gida. Ya kira gonakin ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi wanda ya sare dajin kowace, wanda ya haƙa rijiya, wanda ya dasa tsamiyar ƙofar gida. Ya kira sunayen mamatan gidan maza da mata, har jariran da ba su yi kwana arba'in ba. A yi fatiha a shafa. Sunayen kakannina bakwai da na sani, a wannan daren na haddace su, ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini.

Wanda ya fi zama mini a rai shi ne na 1973, shekarar fari. Ina da shekara 15. Ruwa ya ɗauke dawa tana ciki, kai ya fito fanko. Buzaye suna gangarowa daga Nijar da mata da yara, dabbobinsu sun ƙare a hanya. Da aka kwaso abin da ya samu, dami goma sha tara ne daga gonar da take cika rumbu biyu. Baffa ya shimfiɗa buzu kamar kullum, ya ƙirga tara, ya ce a jingine na goma. Ƙanensa ya ce, "Yaya, bana fa bai kai nisabi ba, ba ta hau kanmu ba." Baffa ya ce, "Na sani. Amma masu jiran akushin nan ba su san nisabi ba, yunwa suka sani." Shekarar ba zakara, ba man shanu, miyar kuka ce tsarwai. Malmala kamar dunƙulen hannun yaro. Akusa huɗun nan duka sun fita, har da na biyar na wata Buzuwa da ta sauka gindin tsamiya da 'ya'ya uku. Mun kwana cikinmu bai cika ba. Na ci tuwo iri-iri a duniya, har a gidajen manya, babu wanda nake tunawa da ɗanɗanonsa kamar wannan.

To kin ga abin da nake so ki ɗauka. Talotalo, shinkafa, tuwo, wannan duk zaɓinki ne. Abin da ba na so ki bari shi ne kwanon farko ya fita kafin kowa ya zauna, kuma yaran su kai da hannunsu, su dawo, sannan a ci. Kada ki ji tausayinsu don sun ce yunwa. Rabin sa'a ba ta kashe yaro, kuma a cikinta ne zai gane cewa abincin gidansu akwai rabon wani a ciki.

Na san can ba a buga ƙofar mutum haka kawai, don haka ki shirya tun yanzu. Tsohuwar nan maƙwabciyarku da ta kawo miki bargon jariri lokacin da na zo wankan jego, ki tambaye ta ko 'ya'yanta za su zo. In ba za su zo ba, ki kira ta ta ci tare da ku, in ba ta iya fitowa a kai mata. Garinku na Girinsboro cike yake da 'yan uwanmu na Nijar, da yawansu ranar suna bakin aiki, masu tuƙi da masu gadi da masu aikin asibiti, iyalansu suna Yamai ko Maraɗi ko Damagaram. Akwai ɗaliban da ɗakunan kwanansu suke zama kufai a hutun. Maigidanki ya duba sahu ranar Juma'a, ya ga wanda ya zo sabo, ya kama hannunsa. Akwai wata 'yar shekara 21 a garin nan yanzu haka da goyo a baya, tana kallon taga. Ki nemo ta.

In kuma Allah ya hore muku, ku turo wani abu a wannan watan. Yanzu ne hatsi yake da sauƙi a kasuwar Giwa da ta Dandume, kafin 'yan ajiya su kwashe. Kawunku zai saya ya kai wa zawarawan ƙauye da masu marayu, ya ɗauko hoton buhunan ki nuna wa yaran. Wannan daban yake da zakkar dukiyarku, kada ku haɗa lissafin.

Yaran za su zo da labarin makaranta na Turawa masu baƙar hula da 'yan ƙasa masu gashin tsuntsu suna cin abinci cikin fara'a. Ki san labarin da kyau don ki cika musu inda aka rage. A 1620 jirgin ruwa ya kawo mutum 102 daga Ingila zuwa inda ake kira Plymouth, sanyin farko ya kashe kusan rabinsu. Mutanen ƙasar, ƙabilar Wampanoag, su suka nuna musu yadda ake shuka masara a wurin. Da kakar 1621 ta yi kyau aka yi kwana uku ana ci, 'yan ƙasar su kusan 90 suka zo, suka kawo barewa biyar. Bayan shekara hamsin da 'yan kai, 'ya'yan waɗanda aka ciyar suka yaƙi 'ya'yan waɗanda suka ciyar da su, aka kashe, aka sayar da wasu bayi, aka ƙwace ƙasa. Shi ya sa tun 1970 wasu daga jikokinsu suke taruwa a Plymouth a wannan rana suna zaman makoki. Zamanta hutun ƙasa duk shekara kuwa daga Shugaba Abraham Lincoln ne a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, sai a 1941 majalisa ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba. Ki faɗa musu daidai hankalinsu. Ina so su san cewa baƙon da aka karɓa da abinci yana da nauyin amana a wuyansa, domin su ma baƙi ne a ƙasar, jikokin baƙi.

Sai maganar girki. In za ki yi talotalo, ki yi magana da mahaucin halal tun makon nan, don kusa da ranar ƙarewa yake. Jiharku ta Karolina ta Arewa tana cikin manyan masu kiwonsa, in maigidanki ya sami gonar da za su bar shi ya yanka da kansa, ya fi. Abin da ya kama ni a 1980 kada ya kama ki. Babanku ya yanko tun da saura mako, muka sa a firiza, na fito da shi safiyar Alhamis ina zaton kamar kaza ne. Har azahar cikinsa ƙanƙara ce. Ɗalibai goma sha biyu muka gayyata, 'yan gida da 'yan Sudan, tuwon dawa da miyar kabewa suka ci, naman bai nuna ba sai bayan isha. Ƙa'idar ita ce kwana ɗaya a firji ga kowane kilo 2. Mai kilo 7, ki sauko da shi tun Lahadi. Ki zura hannu ki ciro ƙunshin wuya da hanta da ƙundu da suke turawa ciki, su za ki tafasa ki yi romo.

Namansa ba shi da maiƙo, ƙirjin yana saurin bushewa, kuma gishiri da ganyen da suke sawa ba zai gamsar da bakin da ya saba da yaji ba. Daren Laraba ki daka citta da tafarnuwa da masoro da kanumfari da attaruhu kaɗan, ki kwaɓa da man shanu, ki ɗaga fatar a hankali ki cusa a ƙarƙashi, ki bar shi ya kwana. Wuta matsakaiciya, 325 a ma'auninsu, wajen sa'a uku da rabi zuwa huɗu. Kada ki dogara da launin fata. Ki sayi ɗan ma'aunin zafin nama ki soka a kaurin cinya, sai ya nuna 165 a nasu, wato 74 a namu. In kin fitar ki bar shi ya huta rabin sa'a kafin wuƙa ta taɓa shi. In kuma kin ga duk wannan wahala ce, ki sa a datsa shi, ki tafasa ki soya yadda muka saba, ba wanda zai kama ki da laifi.

Abincin maƙwabta ne wurin lura, musamman ku da kuke kudu. Ganyen da suke dafawa har ya yi laushi, yawanci da ƙashin alade ake dafa shi. Koren wake ma akan barbaɗa masa soyayyen namansa. Haɗin burodin da ake ɗurawa cikin talotalo wani lokaci da niƙaƙƙen alade a ciki, ɓawon wainar kabewa mai zaƙi wasu da kitsensa suke murzawa, romo mai kauri wasu suna zuba masa giya, farar alewar nan mai taushi da ake jerawa kan dankali ita ma akwai abin dubawa. Ki tambaya da sakin fuska tun kafin ranar, kada ki bari sai an miƙo miki faranti ki ture. Yawancinsu in sun sani suna kiyayewa, na gani da idona.

Amma tsakiyar shimfiɗarki ya zama tuwo da miyar taushe. Kabewa ta cika kasuwanninsu a watan nan, ki zaɓi ƙarama mai nauyi, ko doguwar nan mai wuya, ba manyan da ake sassaƙawa don ado ba, waɗannan ruwa ne kawai. Kada ki ji kamar kin kawo baƙon abu. Babanku kullum yana faɗa wa ɗalibansa cewa kabewa da masara da gyaɗa da barkono da tumatir da rogo da dankali, har talotalon kansa, duk daga nahiyoyin Amurka suka zo mana. Dawa da kuɓewa da farin wake mai baƙin ido kuwa daga wajenmu suka je can, yawanci a jiragen da suka kwashi bayi. Tukunyar taushe rabinta 'yar can ce da ta zo ta yi aure a nan. Jan abin nan mai tsami da suke ci da nama, wanda suke yi da kiranberi, in kin dafa zoɓo ya yi kauri da citta da sukari kaɗan zai tsaya a madadinsa, sauran kuma ki tace a sha.

Kada ki kashe kanki da aiki har baƙi su zo su tarar da ke a gajiye kina faɗa da yara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wadda ta ce me za ta kawo, ki faɗa mata. Zoɓo da yankan kabewa da gyaran gida, Talata da Laraba. Ranar tana da gajarta, magariba wajen ƙarfe 5 take yi, don haka ki tsara a kai kwanuka bayan azahar, a ci, a yi la'asar cikin jam'i, kada tukunya ta cinye miki salla. Ƙwallon da mazan ƙasar suke kallo ranar, ki roƙi maigidanki cikin ladabi a kashe talabijin har a gama ci. Ki shimfiɗa tabarma a falo, yara su haɗa hannu a tire ɗaya, babba ya raba nama, ƙarami kada ya riga ɗauka. Hausa za a yi a kan tabarmar nan, ko da tasu ta karye, a gyara musu da dariya ba da tsawa ba.

In an wanke hannu, kowa ya faɗi abin da yake gode wa Allah a kai. Wannan na tsohuwar Kansas ne, na karɓa kuma ban ga aibinsa ba. Sannan maigidanki ya kira sunayen nasa mamatan, ke ki kira namu, a yi musu addu'a. Na rubuta miki su a bayan takarda ta ƙarshe, da garin kowa da sana'arsa, har da ƙanwata da ƙyanda ta ɗauke a shekarar farin. Bana za ki karanta daga takarda. In kin riƙe abin duk shekara ba fashi, ko kuna da yawa ko ku huɗu ne, ko da talotalo ko da miyar kuka, wata rana za ki ji yaron nan yana riga ki faɗin sunayen.

Washegari kuma, Juma'ar da kantuna suke karya farashi mutane suna turereniya tun asuba, ki zauna gidanki. In akwai abin da kuke buƙata da gaske, a rubuta shi tun kafin ranar a sayo shi kaɗai. Ki yi ɗumamen tuwo da safe, ƙashin talotalon ki yi farfesu da shi, maigidanki ya ɗauki yaron su tafi masallaci.

Ɗan maƙwabtanmu mai karatu a birnin Rali na jiharku zai taso nan da mako biyu, ya ce zai biyo ta wajenku. Zan ba shi garin sabuwar dawa, bayan babanku ya fitar da zakka, da daddawa da busasshiyar yakuwa da zoɓo da kuka. Kilishi kin san ba a barinsa ya shiga, kada yaran su sa rai. Na ce masa ya bayyana komai a filin jirgi, kada ya ɓoye ko ƙulli ɗaya.

A ƙasan jakar, naɗe cikin tsohon zanena, akwai akushi. Cikin huɗun nan na Inna shi kaɗai ya rage, shi ne wanda nake kai wa makauniya. Yayyenki sun yarda ke za a ba. Bakinsa ya tsage a gefe ɗaya, Baffa ne ya ɗinke shi da waya, kada ki cire. Kada ki sa shi a injin wanke kwanuka, kada ki jiƙa shi ya kwana. Ruwan ɗumi da hannu, ki goge, ki shafa masa man gyaɗa kaɗan saboda bushewar ɗakunanku na hunturu. In yaron zai ɗauka ki naɗa masa gammo, ki nuna masa yadda ake tallafe shi ta gefen da ba ɗinki.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da angona, da kishiyata 'yar ƙarama. Ki kira ni ranar da kayan suka iso. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku, ya sa mu gana da alheri.

Wassalam,
Mamanku